Ɗana zai tafi makarantar maza zalla a Amurka: kaftani zai zame masa matsala?

Maman Abba, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, yau kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu da tallafi a kwalejin Morehouse da ke Atlanta, jihar Jojiya, a Amurka. Makarantar maza ce zalla, shi ya sa ma babansa ya amince ba tare da an kai ruwa rana ba. Na riga na kai wa tela shadda kala huɗu da yadi biyu, har ya yanka. Ga farar jallabiya da kawunsa ya zo masa da ita daga Umara, ga huluna uku na naɗe a leda.

Shekaranjiya ƙanwarsa tana duba waya ta ci karo da labarin cewa makarantar ta taɓa kafa dokar da ta hana ɗalibai sa kayan mata, kuma a jerin abin da aka hana har da doguwar riga. Tana karantawa gabana ya faɗi. Idan mutumin can ya ga yaro cikin kaftani har ƙauri, ko jallabiya har idon sawu, ba zai ce rigar mata ya sa ba? Abin da ma ya fi tsaya min a rai: me ya faru a makarantar maza har sai da aka kai ga rubuta irin wannan doka? Ban faɗa wa babansa ba tukuna. Na san halinsa, yana iya cewa a fasa tafiyar.

Ɗan Zariya a Jojiya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Ki kwantar da hankalinki, labarin da yarinya ta gani gaskiya ne, amma ya daɗe. A watan Oktoba na 2009 aka fitar da dokar, lokacin Robert Franklin ne shugaban makarantar. Ƙa'idoji goma sha ɗaya ne, kuma yawancinsu ba su da alaƙa da kayan mata. An hana sakin wando ƙasa har gajeren wandon ciki ya fito, an hana yawo da kayan barci a bainar jama'a, an hana baƙin tabarau a aji, an hana hular hana-sallah da ƙyallen da samarinsu ke ɗaure kai da shi a aji da ɗakin cin abinci. Franklin yana da abin da yake yawan nanata wa ɗalibai, cewa ɗan Morehouse ya zama mai yawan karatu, mai iya magana, mai buɗe ido ta tafiye-tafiye, mai shigar mutunci, mai natsuwa. Dokar daga nan ta samo tushe.

Ƙa'ida ɗaya ce ta jawo surutu, wadda ta hana sa rigar mata da jakar hannu ta mata da takalmi mai tsini. Mataimakin shugaban da ke kula da harkokin ɗalibai a lokacin, William Bynum, ya faɗa wa 'yan jarida cewa ɗalibai kamar biyar ne ake magana a kansu, a makarantar da ke da ɗalibai sama da dubu biyu. To kin ji amsar tambayarki ta biyu. Wasu sun yaba, wasu kuma sun ce an ware mutum biyar ne an tozarta su, aka yi ta muhawara a jaridu.

Ga kuma abin da zai sanyaya miki rai: a cikin ita wannan dokar, wurin da aka hana hula, an rubuta ƙarara cewa hanin bai shafi abin da mutum ya sa a ka don addini ko al'ada ba. Waɗanda suka tuna da hular addini tun a lokacin, ba kaftani suke nufi da kayan mata ba.

Anti Larai:
Maman Abba, kafin komai, ki faɗa wa maigida yau ɗin nan. Gara ya ji daga bakinki da bayaninsa cikakke, da ya ji a majalisa an ƙara masa gishiri. Ki nuna masa abin da ɗan uwanmu na Jojiya ya rubuta.

Baban Zee:
Ni dai gaskiya, da ɗana ne, ba inda za shi. Makarantar da sai an rubuta wa namiji cewa kada ya sa siket, me ya rage? Kuma na ji yanzu har matan da suka koma maza suna ɗauka.

Ɗan Zariya a Jojiya:
Alhaji, wannan ma haka ne, kuma ya kamata Hajiya ta sani tun yanzu. A 2019 makarantar ta sanar cewa daga 2020 za ta karɓi wanda aka haifa mace amma yake rayuwa a matsayin namiji, sannan ɗalibin da ya shiga a namiji ya koma rayuwar mace ba zai ci gaba da karatu a can ba. Sai dai duk jami'ar da yaro zai je a Amurka zai tarar da wannan maganar, ta gwamnati ko mai zaman kanta. Kuma kada Hajiya ta ɗauka maza zalla na nufin ba zai ga mace ba. Spelman, kwalejin mata, tana maƙwabtaka da su, ga jami'ar Clark Atlanta, ɗalibai suna shiga azuzuwan juna. Makaranta ce mai tarihi, tun 1867 take, an kafa ta don baƙar fata bayan an 'yanta bayi. Nan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya gama karatu a 1948.

Malam Habu:
Hajiya, hadisin da ya hana namiji kamanceceniya da mace, da mace kamanceceniya da namiji, ingantacce ne, yana cikin Bukhari daga Ibn Abbas. Amma wace riga ce ta maza, wace ce ta mata, al'adar mutane ce ke tantancewa. Mazan Yaman zani suke ɗaurawa su tafi kasuwa. Alhazanmu mayafi biyu suke yafawa a harami, ba wanda ya ce sun yi shigar mata. Kaftani rigar maza ce a wurin mutanen da suka ɗinka ta, don haka yaron ya sa abinsa da gaba gaɗi.

Abin da nake so ki zaunar da shi ki faɗa masa shi ne wannan. Zai haɗu da mutanen da shigarsu da rayuwarsu ba irin tamu ba ce, wataƙila a aji, wataƙila ɗakin da ke kallon nasa. Ya riƙe addininsa, kada ya yi koyi da abin da ya san bai halatta ba. Kada kuma ya zagi kowa, kada ya yi wa kowa dariya, kada ya ɗauki hoton wani ya turo wa abokai a gida. Mun san yadda yara ke bin 'yan daudu da ihu a kan titi a nan, wanda ko a nan ɗin ba tarbiyya ba ce. A can kuwa tsangwama laifi ne da kan kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, tallafin ma yana iya salwanta.

Yaya Ummi:
Ƙanena ya yi karatu a wata jami'a a wata jiha daban a Amurka. Juma'arsa ta farko ya sa jallabiya ya shiga kanti sayen madara, matar da ke karɓar kuɗi ta yaba masa rigar, amma da kalmar da suke kiran rigar mata. Ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya koma ɗaki ya cusa jallabiyar a ƙasan akwati, wata biyu bai taɓa ta ba. Matar ba da mugunta ta faɗa ba, sunan rigar ne ba ta sani ba. Daga baya ya koyi amsawa, ya ce wannan rigar maza ce a ƙasarmu, ga sunanta. Shi ke nan fa, wasu har tambaya suke inda za su samu. Ki shirya Abba da wannan amsar tun daga gida, don yaro ɗan shekara goma sha takwas ƙaramin abu ke karya masa gwiwa. Ya kuma riƙa haɗa kaftanin da wandonsa da hula, cikakkiyar shiga ba ta barin tambaya.

Ɗan Zariya a Jojiya:
Ƙari a kan maganar Yaya Ummi: Atlanta ba baƙuwar doguwar riga ba ce. Akwai Musulmi baƙaƙen Amurka a unguwar West End kusa da makarantar, ga masallacin Al-Farooq a cikin gari, ranar Juma'a jallabiya da hula ko'ina. Abin da za a yi yanzu, Abba ya buɗe littafin ƙa'idojin ɗalibai na bana a shafin makarantar, shi ne zai yi aiki a kansa, ba labarin 2009 ba. Sannan ya rubuta wa ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje, ya haɗa da hotonsa cikin kaftani da jallabiya, ya tambaya kai tsaye. Amsar da suka ba shi ya ajiye ta a wayarsa.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan isha'i na faɗa wa babansa, na karanta masa duk abin da kuka rubuta, har da na Baban Zee ban tsallake ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce a kira masa Abba. Sun fi awa ɗaya a falo su biyu, ban shiga ba. Da safe yaron ya sa farar jallabiyar, ƙanwarsa ta ɗauke shi hoto a jikin bangon tsakar gida, ya tura wasiƙar. Tela kuma na ce masa ya ci gaba da ɗinki, amma biyu daga ciki ya rage musu tsawo zuwa gwiwa.