Nawa zan cire na lanho daga albashin mai tsaron kanti?

Mai kayan gini, Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kantin siminti da kwanon rufi nan Tahoua, na ɗauki wani yaro ya riƙa kula mini da sito, albashinsa jika 120 a wata. Yana da mata ɗaya da ɗiya biyu. So nake in yi komai bisa doka, kada ma'aikatan haraji su zo su same ni da tara. Wani ya ce mini albashin da ya wuce jika 100 kashi 13 cikin ɗari ake cire mishi. Na buga, ya ba ni 15,600. Wallahi na ji nauyin gaya wa yaron. Haka ne kuwa?

Akanta a Yamai:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya gaya maka ya ga jadawalin ITS, wato lanhon albashi, amma bai karanta shi daidai ba. Ba a ɗora kashi 13 a kan albashi dukansa, hawa-hawa ake bi. Kuma kafin a kai ga jadawalin akwai abin da ake ragewa.

Fara da kuɗin CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata, rabon ma'aikaci kashi 5.25 cikin ɗari: 6,300. Saura 113,700. Daga nan a rage kashi 10 na ɗawainiyar aiki, saura 102,330. Sai ragin iyali. Idan matar ba ta da nata albashi, mutum uku ke nan a wuyansa, ragin kashi 12, abin ya dawo wajen 90,000. Ka ga ma bai taka hawan kashi 13 ba.

Yanzu jadawalin: jika 25 na farko kashi 1, wato 250. Jika 25 na biyu kashi 2, wato 500. Daga 50,000 zuwa 100,000 kashi 6 ne, shi kuma jika 40 gare shi a nan, 2,400. Jimla wajen 3,150. Abin da zai shiga hannunsa 110,550.

Wannan jadawalin da na saba aiki da shi ne. Dokar kasafin kuɗi takan taɓa irin waɗannan lambobi, don haka ka karɓi na bana a ofishin DGI, wato hukumar haraji, na Tahoua kafin ka rubuta takardar albashi.

Tsohon direban kamfani:
Alhaji, tambaya ɗaya ni zan yi maka. Ranar da kuka shirya da yaron, jika 120 ɗin nan ka ce mishi a hannu ne, ko kafin a cire? Nan rigima take. Ni wurin da na yi aiki da farko, an ce mini kaza, ƙarshen wata na ga ƙasa da haka, babu wanda ya yi mini bayani, na ɗauka mai biya ne ya ci. In a hannu kuka yi, to kai za ka ɗaga albashin har ya fita da 120 ɗinsa cif.

Mai kayan gini, Tahoua:
Baba, gaskiya ba mu rarrabe ba, jika 120 kawai muka ce. Zan zauna da shi. Malama akanta, Allah ya saka da alheri. To kuɗin da na cire, yaushe zan kai?

Akanta a Yamai:
Amin. Lanhon wata ana zuba shi kafin 15 ga watan da ke biye, kuma kai ke da alhakin kaiwa, ba yaron ba. Kada ka manta CNSS tana da rabon mai aiki, kashi 16.4, wato 19,680 a kan albashin nan, daga aljihunka, ba a taɓa na ma'aikaci. Ka kuma sa ya kawo takardar aure da takardun haihuwar yaran ka ajiye, don in masu bincike suka zo su za su nema kafin su yarda da ragin kashi 12 ɗin.