Waɗanda suka taɓa haɗa tirelar fim ɗin zombi a Sakkwato, ku zo mu ji yadda kuka yi

Nura, Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu bakwai ne a rukuninmu, ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida. Malaminmu ya ce kowane rukuni ya kawo tirela, wato ɗan gajeren bidiyon tallan fim, wadda ba ta wuce minti biyu ba. Mu mun zaɓi fim ɗin zombi, tsoro da dariya a haɗe. Sati huɗu ya rage mana, ga shi Afrilu ta kama, kun dai san zafin garin nan. Kayan aikinmu waya biyu ne masu kyan kamara da kwamfuta ɗaya.

Jiya na yi wa Innata bayani, na ce matattu ne ke tashi suna bin mutane. Ta ajiye rariyar da ke hannunta ta dube ni, ta ce, "A'uzu billahi. Yanzu da mutuwa za ku yi wasa?" Ban sami abin da zan ce mata ba, kuma maganar ta hana ni barci. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a garin nan, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Bashir, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka saurari Inna, ta fi ku gaskiya. Mu sai da muka ɗanɗana kafin muka gane.

A shekararmu ta ƙarshe mun yi irin wannan. Mun sayo farin yadi muka naɗe mutum uku kamar likkafani, muka nufi wani fili da ke jikin katangar maƙabarta, a tunaninmu ai ba ciki muka shiga ba. Ko kamara ba mu gama saitawa ba wani dattijo ya fito daga ƙofar da butarsa a hannu. Bai yi mana tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "Ya'yana, shekaranjiya na kawo matata nan." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Muka kwance yadin, muka ba shi haƙuri, muka watse babu mai magana da wani.

Daga baya na zauna na yi karatu a kan abin. Asalin zombi daga Haiti yake, a can imani ne cewa boka na iya tayar da gawa ya mayar da ita baiwa tana yi masa noma, kuma abin yana da alaƙa da tarihin bautar da aka yi a tsibirin. Wannan siffar ta gawawwaki masu cin mutane George Romero ne ya yaɗa ta da fim ɗinsa na 1968 a Amurka. Bayansa masu fim da yawa sun jingine kabari gaba ɗaya, sun mayar da abin cuta mai yaɗuwa: wanda aka ciza ya kamu. To ka ga ƙofa a buɗe take. Mu muka sake rubuta labarin, ya zama wani haɗin "maganin kaifin ƙwaƙwalwa" ne ɗalibai suka sha daren jarrabawa ya juya su. Babu gawa, babu likkafani, babu makara. Ko Hausar ma za ka ga ta ƙi: fatalwa daban, maye daban, dodo daban. Mu "kamammu" muka riƙa ce musu a cikin fim ɗin, kuma sunan ya zauna.

Hauwa'u, Gwiwa

Ni ce na yi wa rukuninmu kwalliya, mutum goma sha ɗaya, to bari in yi maka dalla-dalla saboda a nan kuɗi da lokaci suka fi zurarewa.

Abin da za ka gani a YouTube yawanci na ƙasar sanyi ne. Suna yin ciwon ƙarya da jelatin, wani gari da ake narkarwa a ruwan zafi ya daskare kamar roba, shi kuwa jelatin yana narkewa tun zafi bai kai digiri 40 ba, Afrilun Sakkwato kuma tana wuce haka. Na ɓata dare guda ina yin gyambo a kumatun wata ƙawata, muna fita rana ya zubo mata har wuya. Abin da ya cece ni ƙaro ne, wanda almajirai ke sa wa a tawada. Ki jiƙa shi, af, ka jiƙa shi tun dare ya yi kauri, ka shafa a fata, ka ɗora takardar tishu falle-falle, ka sake shafawa. In ya bushe sai ka tsaga tsakiyar da tsinke, ka buɗa gefen kaɗan, ka sa baƙi a can ciki sannan ja a baki-baki. Ruwan ɗumi ke cire shi. Amma ka gwada a bayan hannun kowa kwana ɗaya kafin aiki, akwai fatar da ba ta son komai.

Jini kuma, kowa zai ce maka zoɓo. Zoɓo a kamara shunayya yake fitowa, ba ja ba, kuma ya yi ruwa-ruwa. Mafi muni, mun shafa wa wasu toka a fuska don su yi fari-fari, zoɓon na taɓa tokar ya koma wani kore-kore mai duhu a gabanmu. Toka da kanwa duk haka suke yi wa zoɓo. Tokar kanta in ta haɗu da gumi tana cin fata, wani yaro sai da goshinsa ya yi ja kwana biyu, na ji nauyin abin ƙwarai don ni na shafa masa. Ku yi amfani da farar ƙasa ko farar hoda, da kwalli a ƙasan ido.

Haɗin da ya yi mana: sitaci a dama shi da ruwan zafi kamar koko, jar kalar abinci ta masu kek, da ɗan garin koko na shayi don ya yi duhu. Kada ka sa sukari ko zuma. Ranar farko na sa sukari don ya yi sheƙi, ƙudaje suka yanyame 'yan wasa, har da ƙudan zuma.

Tufafi gwanjo muka saya, muka yayyaga, muka tsoma a ruwan shayi mai kauri muka shanya. Kuma ka ɗauki hoton fuskar kowa da zarar an gama kwalliya. In ba haka ba gobe ciwon da ke kuncin dama zai koma hagu, sai wajen editin, wato yanka hotunan da haɗa su, za ku gani.

Mata kuma: mu huɗu muka fito, kowace da hijabinta, kuma sai da kowace ta nemi izini a gida. Kamammiya cikin dogon hijabi tana tafe a hankali daga ƙarshen baranda, ita ce ta fi komai razana ajinmu.

Sanusi, Kofar Rini

Mu abin da yas same mu daban ne. Munka tahi bakin gulbi wajen Kwalkwalawa da la'asar sakaliya, mutum goma sha biyu, tuhwahi yagaggu, jiki duk jini. Wani mai ban-ruwan albasa ya hango mu, yay yada abin hannunshi yas sheƙa cikin gari. Kahin mu ankara 'yan banga sun iso da bindigogin toka. Kuma ban ga laihinsu ba. Da halin da gabashin jihag ga ke ciki, wa za ya ga mutane jina-jina sun hito daga sabara ya tsaya tambaya? Katin makaranta da Allah anka cece mu.

Ka amshi takarda daga sashenku mai hatimi. Ka tahi da kanka ka gai da mai unguwa kwana biyu kahin ranar, ka gaya mishi awa nawa za ku yi. Kwalliya a wurin ɗauka za a yi ta, kada kowa ya hau kabu-kabu da jini ga huska. Kuma ko bindigar roba kada ku ɗauka.

Malama Asma'u, Arkilla

Ni ban karanci aikin jarida ba, ma'aikaciyar jinya ce, amma ƙanwata ta yi irin wannan aikin kuma a gidanmu suka yi rabin ɗaukar. Ina da gyara a kan shawarar Bashir. Mayar da abin cuta ya fi kabari, na yarda, sai dai cutar ma tana da masu ita. A 2017 sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato, ina bakin aiki a lokacin. Da na ga ɗaya daga cikin yaran yana sandare wuya yana karkarwa wai shi kamamme, sai na ce ya daina, domin abin da na gani a gadon asibiti ke nan sak. Haka kuma tafiyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko ta mai taɓin hankali da ke yawo a kasuwa. Akwai mai irin wannan a gidan wani da zai kalli tirelarku. Ku ƙirƙiro tafiyar da ba ta kowa ba. Su ƙanwata daga ƙarshe suka sa kamammunsu suna tafiya hannu ɗaya a sama, kamar mai neman sabis ɗin waya.

Bashir, Runjin Sambo

Gaskiya ne Anti, ban kawo wannan a raina ba. Na karɓi gyara.

Abdul, Gidan Igwai

Ni editin da sauti na yi. Abu na farko, tirela ba gajeren fim ba ce. Mu mun ɗauki kusan awa biyu don minti ɗaya da rabi, rabinsa ɓata baturi ne. Ku zana fitowa-fitowa a takarda tukuna, ku ɗauki abin da za ku sa kawai. Ku saita wayoyin biyu iri ɗaya, firem (wato hoto) 24 ko 25 a daƙiƙa, a kwance ba a tsaye ba, kuma ku kulle haske, in ba haka ba hoton zai riƙa buɗewa yana rufewa da kansa. Waya a ranar Afrilu tana ɗaukar zafi ta kashe kamara da kanta. Ku fara bayan sallar asuba, ƙarfe tara ku tashi. Hasken gab da magariba yana da kyau amma a nan ba ya daɗewa, kafin ka ce "akshin" sau uku duhu ya shiga, ga kiran salla, dole a tsaya. Mu a Janairu muka yi, hazon hunturu ya ba mu duhu-duhu kyauta, ku ba ku da wannan.

Sautin da kuka ɗauka a waje kusan duk zubarwa za ku yi, iska da janareta da kabu-kabu sun cinye shi. Mun sake ɗaukar muryoyi a ɗaki da tsakar dare, muka rataye barguna a bango. Karyewar ƙashi busasshen karan dawa ne. Cizo, wani ne ya gatsa rake kusa da makirfo. Fashewar kai kankana ce. Gurnani kuwa muryar mutum ce muka rage mata gudu. Manhajar editin kuwa, CapCut ya isa in kwamfutar ba ta da ƙarfi, DaVinci Resolve kyauta ne amma yana son na'ura mai ƙwari. Kada ku ɗauko kiɗan wani fim, in kun sa a YouTube ko Facebook za su iya toshe sautin. Mu wani mai kalangu muka samu, ya riƙa bugawa ɗaya-ɗaya yana matse tsarkiyar, sautin na hawa yana sauka. Ban taɓa sanin kalangu na iya tayar da tsikar jiki haka ba.

Inda muka faɗi shi ne haɗa tsoron da dariyar. Mun cika shi da barkwanci irin na camama tun daga farko, da kamammun suka fito babu wanda ya ji komai. Malaminmu ya ce a fara razana mutum tukuna, dariyar ita ce numfashin da zai saki. Ku ba da daƙiƙa talatin na farko ga tsoro zalla, har da shiru. Shiru na daƙiƙa uku ya fi ihu aiki.

Zainab, Tudun Wada

Abdul ya faɗi gaskiya, kuma dariyar ta fito daga halinmu. Namu kamammun sun manta komai amma ba su manta gaisuwa ba. In ya taso maka sai ka ce "ina wuni", dole ya tsaya ya amsa. Ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya zafi, kana ja da baya yana amsawa da gurnani har ka kai ƙofa. Ƙarshen tirelar, jarumin ya ƙure, gaisuwa ta ƙare masa, yana ta lalube, sai ya ce "ya jikin Baba?" allo ya yi baƙi. Akwai kuma kamammen da ya yi arba da surukarsa, ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Na nuna wa kakata, mai shekaru sama da tamanin. Ta rufe ido a farko, a wurin surukar kuma ta yi dariya har da hawaye, ta ce a maimaita mata.

Nura, Mabera

Allah ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Mun zauna yau da rukuni na karanta musu duka. Mun cire kabarin. Biyu daga cikinmu ba su so ba, suna ganin tsoron zai ragu, sai da na karanta musu labarin dattijon Yaya Bashir sannan suka yi shiru. Namu zai zama wani sabon lemon kwalba ne da aka raba kyauta a ƙofar makaranta, sunan da babu shi a kasuwa. Za mu ɗauka a cikin sashenmu ranar Asabar da sassafe, takardar neman izini na wurin shugaban sashe.

Na sake yi wa Inna bayani da daddare. Ta ce in dai ba gawa ba ce, kuma a ƙarshe a nuna sun warke, to ta yarda, har ta ce za ta dama mana sitacin. Wannan na warkewar bai cikin labarinmu, yanzu muna neman inda za mu sa shi ba tare da mun tona ƙarshen fim ɗin a tirela ba.

Yaya Zainab, ba za mu taɓa muku gaisuwarku ba, taku ce, za mu nemo namu. Anti Hauwa'u, ƙaron nan kamar yaya za mu saya don mutum tara, kuma wanda ake sayarwa a tsohuwar kasuwa ya yi, ko sai an tace shi?