Mu kira shi raba-lodi

1/ 'Yan'uwa masu harkar gina shafukan intanet, ina so mu tsayar da magana kan sunan Hausa na load balancer. Ni dai raba-lodi na zaɓa, ga kuma hujjata.

2/ Ga aikinsa a taƙaice. Ka yi hayar kwamfutoci uku a AWS (sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet), kowacce tana ɗauke da shafinka iri ɗaya, amma mai ziyara adireshi ɗaya ya sani. Akwai manhajar da ke tsaye a bakin ƙofa, ita ke karɓar kowace buƙata ta miƙa wa ɗaya daga cikin ukun. Nginx yana yin wannan aiki, haka ma HAProxy da Willy Tarreau ya rubuta. AWS kuma ta fito da nata, Elastic Load Balancing, a 2009.

3/ Na ga wasu suna rubuta "mai daidaita nauyi". Ban gamsu da shi ba. Nauyi a sikeli ake auna shi, buƙatar buɗe shafi kuwa ƙirga ta ake yi. Babbar matsalar ma tana ga "daidaita", don tana sa ɗalibi ya zaci kowace kwamfuta kaso ɗaya ake ba ta. Sam ba haka abin yake ba. In wata tana da RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) 8 GB wata 2 GB, sai ka rubuta weight=4 a gaban babbar a Nginx, ita ta ɗauki huɗu cikin kowace buƙata biyar. Rabo ne gwargwadon ƙarfi.

4/ Lodi kuwa kowa ya san shi daga tasha: mota tana lodi, ɗan kamasho yana tura fasinja cikin wadda ke kan layi, wadda ta lalace kuma a fitar da ita daga layin. Ginin kalmar ma namu ne, irin na raba-gardama.

5/ Wannan fitarwa daga layi ita ce rabin aikin. HAProxy, in ka kunna masa duba lafiya ba ka taɓa saitin ba, duk daƙiƙa 2 yake taɓa kowace kwamfuta. Ta kasa amsawa sau 3 a jere, ya daina tura mata kowa. Sai ta amsa sau 2 a jere zai mayar da ita cikin rabo. Galibi mai ziyara bai ma san an yi ba.

6/ Hanyoyin rabon ma suna zaunawa daram a ƙarƙashin sunan. Round robin: bi-da-bi. Leastconn: a ba mai ƙarancin aiki. Sticky session: manne, wato wanda ya shiga da kalmar sirrinsa a kwamfuta ta farko a ci gaba da kai shi can, kada ta biyu ta ce ba ta san shi ba.

7/ Wani zai ce lodi kalmar aro ce. Gaskiya ne, amma mota da tasha ma aro ne, kuma direba a Kano ko Maraɗi ba ya neman a fassara masa su.

8/ Sunan raba-lodi namiji ne, kuma ba ya canza siga a jam'i: "Na sa raba-lodi a gaban shafin", "Raba-lodi biyu muke da su, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya karɓa."