Fambel ɗin motar ɗaga kaya yana ƙara duk da mun ɗaure shi

Mai kula da sito, Kura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar kanikawan da ke wannan zaure. Muna da motar ɗaga kaya mai amfani da gas a wani injin casar shinkafa da ke bayan garin Kura, kuma tun shigowar hunturu fambel ɗinta, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, yake ƙara da safe, wani lokaci har jar fitilar caji ta kama. Sau biyu yaronmu yana ƙara ɗaure shi, ƙarar ta ɗauke kwana uku ta dawo. Shin ɗaurin yana da ma'auni, ko kuwa ja ake yi iya ƙarfi?

Bakanike, Garun Malam:
Wa alaikumus salam, Malam. Ma'auni akwai shi. Da farko a sauke cokulan motar, wato ƙarafan gaba da take ɗaga kaya da su, ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe inji a zare mukulli, a bari ya huce. Sannan ka danna babban yatsa a tsakiyar wurin da bel ɗin ya fi tsawo tsakanin fuli biyu (fuli shi ne faifai mai kwari da bel yake zagayawa a kai), da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10; a yawancin waɗannan injuna zai lotsa kimanin milimita 10, amma idan littafin motar yana hannu, abin da ya faɗa shi za a bi. Wajen gyara, ana sassauta notuna biyu na altanato, wato na'urar da ke cajin batir, a tura shi baya kaɗan, a ɗaure, a sake aunawa. Ka ja kunnen yaron nan, domin ɗaurin da ya wuce kima boris ɗin altanato da na famfon ruwa yake ci, kuma kuɗinsu ya ninka na bel nesa ba kusa ba.

Tsohon direban tifa, Wudil:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ni fulin nake zargi. Da gefunansa bel yake kamawa, ba da ƙasansa ba. Ƙura da ɓuntun shinkafa suna cinye kwarin fuli a hankali har bel ya nutse ya taɓa ƙasa, daga nan kuma duk yadda aka ja shi santsi zai yi. Lokacin da nake jigilar yashi na canja bel uku a rani ɗaya kafin na haska tocila na ga ƙasan kwarin yana sheƙi kamar sabon faranti. A duba kuma ko baƙin mai yana ɗiga a kan bel ɗin. Masu goga masa sabulu don ya yi shiru kuwa, ƙarar kawai suke ɓoyewa.

Mai kula da sito, Kura:
Allah ya saka da alheri, Baba. Mun cire bel ɗin ɗazu: cikinsa duk ya tsattsage, gefunansa sun yi sulɓi, kwarin fulin altanato kuma yana sheƙi yadda kuka kwatanta.

Bakanike, Garun Malam:
To, bel da fulin za a canja tare. A tafi da tsohon bel ɗin kasuwa saboda lambar da ke bayansa, kuma kada a ɗosana sukundireba a tura sabon da ƙarfi, domin zaren cikinsa yakan tsinke ba a gani ba. Sabon bel yana saki bayan ya ɗan yi aiki, saboda haka a sake auna shi washegari kafin a fara lodi.