Wane abin sha ne ke shiga da wane abinci? Walima ce a gabana

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Walimar saukar Alƙur'ani ta ɗiyata ce ke tafe, abincin da muka tsayar waina da miyar taushe, dafa-duka da soyayyar kaza, sai farfesun kayan ciki da tsire na ɓangaren maza. To abin sha ne ya tsaya min, bana son lemon kwalban nan da kowa ke rabawa, na gida nake so, zobo ko kunun aya ko lamurje, amma ban san wanne zai shiga da wanne ba, ko duk ɗaya ne kawai a haɗa a zuba a kula?

Anti Mai Girki:
Wa alaikumussalam, Allah ya sa albarka a karatu. Ba ɗaya bane ƙanwata, maiƙon abincin zaki duba. Waina ta sha mai a tanda, kaza ma soyawa akayi, irin wannan abu mai tsami yake so dan shi ke wanke baki mutum yaji daɗin loma ta gaba, kinga kenan zobo ne nasu. Amma kar ki cika masa sukari, kuma kar ki kashe tsaminsa da kanwa yadda wasu keyi, tsamin ai shine amfanin, ki dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari kaɗan ya isa. Kunun aya kuwa shi kansa nauyi gareshi ga dabino ga kwakwa, in kika ɗora shi kan miyar taushe mai gyaɗa da kabewa wallahi nan da nan zai ginshi mutane su bar miki abinci a faranti.

Abu Sadik:
Hajiya abinda Anti ta faɗa haka yake. A Faransa manyan gidajen abinci har ma'aikaci suke ajiyewa wanda aikinsa kawai ya zaɓa wa baƙo giyar inabin da zata dace da abincinsa, ja da jan nama, fara da kifi. Mu bamu sha, haramun ce, amma dalilin nasu na harshe ne, jar tana da bauri kuma bauri na yanke kitse, irin baurin nan dake cikin shayi mai ƙarfi. Shi yasa Buzaye a Agadez in anci gasasshen nama sai a ɗora buta kan gawayi a sha shayi zagaye uku. Ni a ganina ɓangaren maza ki sa musu mai shayi kusa da tsiren nan. Farfesu kuma tunda yaji ne, ruwa ko lemo basa kashe zafin barkono, nono ke kashe shi saboda abinda ke ƙona harshen a maiƙo yake narkewa, dan haka ki ajiye kindirmo mai sanyi. Lamurje dai ban goyi baya ba, citta da barkono ne a ciki, yaji kan yaji.

Ummu Khalil:
Malam a nan kam ban yarda ba, lamurje tsamiya ce ginshiƙinsa, in aka rage barkonon yana tafiya da farfesu sosai musamman lokacin hunturu, mu haka muke sha a gida. Maman Husna ni abinda zan ja hankalinki kunun aya baya jira, in ba wuta ba ƙanƙara kafin la'asar ya yi tsami ya fara yauƙi, in dole sai kinyi to da asubar ranar za'a markaɗa, a rabawa yara a robobi tun da wuri. Sannan ki ware zobo marar sukari saboda dattawa masu ciwon suga, kuma ki sanar da masu shan maganin hawan jini dan zobo na sauke jini, kar suyi ta ɗirka.