Sajifam ta ce kada a haihu a gida, surukai kuma suna jiran goyon ciki

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu mata. Maiɗakina tana da ciki wata takwas, na fari ne. Duk awo ni nake kai ta bisa moto, karnenta na awo ma yana aljihuna yanzu haka. Ranar Talata sajifam, wato ungozomar likita, ta auna hawan jininta har sau biyu, ta rubuta 15/10, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa. Sai ta kira ni ciki, ta ce kada in yarda yarinyar nan ta haihu a gida.

To ga inda gizo ke saƙa. Iyayenta sun aiko a kai ta goyon ciki, ƙauyensu kuwa gaba da Madarumfa yake, hayin gulbi. Ga damina ta zauna, in gulbi ya kawo ruwa amalanke ma sai ya jira. Surukata ta ce tsohuwar ungozomar garin ita ta yanke wa matata cibiya, da ita da ƙannenta shida, ba a taɓa jin komai ba. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da ita, balle musu. Yaya zan yi ba tare da an ce na raina su ba?

Tsohuwar Sajifam ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina karɓar haihuwa kafin in ajiye aiki, saboda haka ba zan ɓoye maka ba. Daga 14/9 zuwa sama hawan jini ne, mai ciki ta shiga sahun waɗanda ake sa wa ido. Abin da ake gudu shi ne jijjiga, wadda a ƙauye ake cewa iska ce ta buge ta, a tsaya hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure. Maganinta allura ce da ke matanite, wato likitar haihuwa, tsohuwa ba ta da ita. In ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ƙasan haƙarƙarinta na ciwo, kada ka jira gari ya waye.

Na biyu, zubar jini bayan haihuwa. Cikin awa biyu yana iya tafiya da mace. Shi ya sa da jariri ya faɗo muke yin allura don mahaifa ta tsuke, mu duba mabiyiya ko ta fita duka. Awa biyu a bakin gulbi kana neman mai fito, ka lissafa da kanka.

Sezariyan, wato aikin ciro jariri, gwamnatin Nijar ta mayar da ita kyauta tun 2005, awo kuma 2006. Duk da haka ka ware ƴan jikkuna a aljihu, kuma tun yanzu ka nemi ƴan'uwa biyu da za su iya ba da jini.

Amma maganar da ta fi damuna ita ce ta bayan haihuwa, don nan ne kowa ke sakin jiki. Mace mai hawan jini a dinga ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, a kwantar da ita bisa gadon da aka hura wa wuta, har arba'in? Kanwa gishiri ce. Tana tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji, sai ka ga mai jego ta kumbura tana haki, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa. Likitocin Zariya (ta Najeriya nake nufi, ba unguwarmu ta Maradi ba) sun gano wannan tun shekarun 1970. Ta yi wankanta da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a dama kunu ba kanwa. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. Kuma a mayar da ita a sake auna jinin cikin satin farko, kada shagalin suna ya sa a manta.

Hajiya ta Sabon Gari ta amsa:

Duk na yarda, amma kada a mayar da ungozomar gargajiya abokiyar gaba. Haihuwata ta farko a wata matanite na yi, wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa wai lokacin da nake jin daɗina tana nan? Har yau ban manta ba. Da na dawo gida tsohuwa ce ta binne mabiyiya, ta gasa cibiya, ta koya mini riƙon jariri ga nono, tana zuwa safe da yamma har suna. Ladanta sabulu, hatsi da kan ragon suna. Irin wannan tsawar ce ke korar mata daga likita, ba jahilci kaɗai ba.

Kai kuma yaro, ba kai za ka tunkari surukarka ba. Ka tura gwaggonka ko yayar mahaifiyarka da goro da karnen, manya su yi ta tsakaninsu. Kuma a fara gaisar da ita ungozomar. Da yawansu yanzu su ke rako mata likita da kansu. In ita ta ce a tafi, ba mai ja.

Direban Dakoro ya amsa:

Ƙanwata kwana biyu ta yi tana naƙuda tana danne zafi, wai kunyar ɗan fari. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma sai da aka yi mata aikin yoyon fitsari a likitar Danja. Ɗan'uwa, kada ka bari ta ƙetare gulbin nan da cikin.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Gwaggo ta je jiya. Ashe tsohuwar da aka nuna mata karnen cewa ta yi ita ba ta karɓar mai kumburi, ta ga abin da ya ishe ta. An tsaya a kan surukata za ta zo Maradi ta zauna da mu, in an sauka lafiya kuma an sake awo, sai su tafi wanka gida. Maganar kanwa ce Gwaggo ta ce ba ta taɓo ba tukuna, wai a bi a hankali. Inna Sajifam, in na samu surukar tawa ta yarda ta raka maiɗakina awon Talata, za su yi mata bayanin da bakinsu?