Bayanan kwastomomi a databes ɗin gwaji, canza suna kawai ya isa?

Ɗan_Kodin:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. A wurin aikinmu duk sanda za a gwada sabon abu a manhaja kwafo databes (rumbun bayanai) ɗin kwastomomi kawai ake yi a zuba a sabar gwaji (kwamfutar da ake gwada manhajar a kanta), sunaye da lambobin waya da imel duk yadda suke. To satin da ya wuce abokin aikina yana gwada saƙon tunatarwa ashe yana haɗe da ainihin hanyar tura imel, saƙo ya tafi wa mutane na gaske da tsakar dare, da safe wayar ofis ta ƙi yin shiru. Yanzu oga ya ɗora min gyaran. Tunanina in sa sunayen ƙarya, lambar waya kuma in bi ta da MD5 (wata hanyar lissafi da ke rikiɗa rubutu ya koma jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana) shikenan. Ya isa ko da sauran rina a kaba?

Maman_Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam MD5 ɗin nan cire shi a ranka. Lambar waya ai ba ta da yawan da zai gagari kwamfuta, mutum zai jera duk lambobin da za su iya yiwuwa ya bi su da MD5 ɗaya bayan ɗaya ya kwatanta da naka, ya gama da kai kenan. Haka aka yi a New York a 2014, an saki bayanan tafiye-tafiyen tasi an rufe lambobin motocin da MD5, ba a jima ba aka warware su tas. Yi amfani da HMAC (irin wannan hanyar rikiɗa rubutu ce, amma ita sai da makulli) da makulli na sirri wanda bai taɓa shiga sabar gwaji ba, daga sakamakon sai ka ƙera lamba mai siffar lambar waya. Amfaninsa lamba ɗaya kullum abu ɗaya take bayarwa, don haka teburan databes da ke haɗe ta wannan lambar ba za su watse ba. Kuma a rufe tun kafin bayanan su bar sabar asali, ba sai sun iso ba.

Tsohon_Injiniya:
Gaskiya ta faɗa, amma ni ba sunan ne ke tsorata ni ba, sauran ne. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki ta gidan waya kaɗai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka, kuma a 1997 ta zaƙulo bayanan asibitin gwamnan jihar Massachusetts William Weld daga bayanan da aka ce an cire sunaye. Don haka ranar haihuwa ka matsar da ita ko ka bar shekara kawai. Sannan inda kowa ke mantawa, gurbin da ma'aikata ke rubuta ƙarin bayani da hannu. Na taɓa buɗe databes da aka ce min an wanke shi fes, sunaye duk na ƙarya, sai ga wani layi an rubuta "a kira ta bayan la'asar a lambar mijinta" ga lambar nan ɓaro-ɓaro. Irin wannan gurbin share shi gaba ɗaya kawai. In kuma kuna da kwastomomi a Turai, a dokar GDPR (dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai) bayanan da za a iya mayar wa mai su da makulli har yanzu bayanan mutum ne.

Sabon_Shiga:
Ni fa ban ga dalilin wahala ba, Faker (manhajar ƙirƙiro bayanan ƙarya) zai ƙirƙiro muku mutum dubu nawa kuke so, imel duk a example.com (adireshin da aka ware don misali), ku sa Mailpit (manhajar gwajin imel) ya tare saƙonni kada su fita.

Maman_Kwamfuta:
Mailpit kam dole, tun yau ma. Amma ƙanina bayanan Faker sun cika tsafta, ba za su nuna maka sunan da ke da ƙ ko ɗ yana rikita bincike ba, sai ka zauna ka zuba irinsu da hannunka.

Ɗan_Kodin:
Na gode Allah ya saka da alheri. Yanzu na leƙa gurbin ƙarin bayanin namu, innalillahi, har da adireshin gida a ciki. To tsofaffin kwafin da ke laftof ɗin abokan aikina fa, ta ina zan fara?